RA'AYINMU: Hanyar Lope Tamu Ce, Mu Nemo Zangunanta

Idan ba a manta ba, a shekarar 2002 ne marigayi Shugaba Omar Bongo ya keɓe gandun daji har guda 13 a lokaci ɗaya, waɗanda idan aka haɗa faɗinsu ya kai kusan kashi 11 cikin 100 na ƙasar Gabon baki ɗaya. Wannan ya biyo bayan tattakin da wani masanin daji Ba'amurke mai suna Michael Fay ya yi a ƙafa tsakanin 1999 da 2000, daga arewacin Kwango har zuwa bakin teku a Gabon, ya kuma dawo da hotunan da aka nuna wa shugaban. A wancan lokaci an yi ta kyautata zaton cewa baƙi za su riƙa tururuwa daga ƙasashen duniya, kuɗin yawon buɗe ido ya zo ya tallafa wa na man fetur. Yau an haura shekara 20. Dajin yana nan, giwayen suna nan, amma baƙin ba su zo yadda aka yi zato ba, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyoyin cikin ƙasar ya san dalili: tafiyar tana da nisa, hanyar tana da wuya, wurin tsayawa mai kyau kuma ya yi ƙaranci.

Wani zai ce, to ina ruwan ɗan kasuwa da ke Kye-Ossi ko Bitam ko Abang-Minko'o da zancen gandun daji? Amsar tana kan taswira. Babbar hanyar da ta fita daga Libreville ta bi ta Ntoum da Kango ta kai Bifoun, inda ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya yi kudu zuwa Lambarene, ɗayan kuma ya bi ta Ndjole da Alembe da Lalara da Mitzic da Oyem da Bitam har zuwa iyakar Kamaru. A Alembe ne ake karya kwana a yi gabas zuwa gandun dajin Lope, wanda shi ne na farko a Gabon da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 2007. Ashe ke nan duk direban da ya ɗauko albasa ko tumatir ko agada daga bakin iyaka zuwa kasuwar Mont-Bouet, ya ci fiye da rabin hanyar da Bature ke biyan kuɗi mai yawa don ya bi. Mu ne muka fi kowa bin ta, amma da yawanmu ba su san komai a kanta ba sai ramuka da shingayen jandarma.

A namu ra'ayin wannan asara ce ta fuska biyu, asarar ilimi da asarar dukiya, kuma bai dace ta samu Bahaushe ba. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su auna tafiya da nisanta kaɗai, da zangunanta suke auna ta. Madugu yana da jagaba wanda aikinsa shi ne sanin inda za a sauka, inda akwai ruwa, inda akwai tsaro, inda za a sayar a kuma saya. Daga irin waɗannan wurare ne unguwannin da ake kira zango suka tsiro a Kumasi da Salaga da Jugu da sauran garuruwa, har sunan ya shiga bakin mutanen da ba sa jin Hausa. Hausawan da suka kafu a Oyem da Bitam da Minvoul fiye da shekara 100 da suka wuce, waɗanda jikokinsu haifaffun 'yan Gabon ne, ta irin wannan hanya suka zo. Sanin zango gadonmu ne. Abin da muke kira a kai shi ne a dawo da wannan sani kan hanyar Lope, a san inda ya cancanci a tsaya, a kuma zama masu hannu a wuraren tsayawar.

Zangon da ya amsa sunansa ana gane shi da abu uku. Na farko, matafiyi zai samu lafiyar kansa da ta motarsa, wato ruwa da mai da makanike da abincin da zai ci hankali kwance da wurin salla. Na biyu, akwai abin da ido zai gani ya ƙaru. Na uku, akwai abin saye ko na sayarwa. Da wannan ma'auni za mu bi hanyar tun daga Libreville.

Tafiya tana fara kyau ne tun kafin a tashi. A Libreville ake cika tanki, a duba taya da birki, a sayi guzuri a Mont-Bouet ko Nkembo, a kuma tabbatar takardu sun cika. 'Yan Kamaru da 'yan Chadi suna cikin ƙungiyar CEMAC, wadda Gabon ta amince da 'yancin zirga-zirgar mutanenta a 2017, amma ɗan Najeriya da ɗan Nijar ba sa ciki, don haka sai da biza ko takardar zama mai rai, ga kuma katin allurar shawara. Wanda takardarsa ta mutu ya gyara kafin ya hau hanya, domin kowane shinge zai zame masa wurin asarar kuɗi da zubar da mutunci. A tashi da asuba bayan salla. Ƙasar tana kan tsakiyar duniya, rana tana fitowa tana faɗuwa kusan lokaci ɗaya duk shekara, kuma da an yi magariba duhu ke rufewa nan take.

Mutanen Gabon suna kiran wurare a wannan hanya da lambar kilomita, ka ji an ce PK5 ko PK8 ko PK12. Da an fita daga cunkoson PK12, abu na farko da ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido ya kalla shi ne Nkok, kimanin kilomita 27 daga birni. A 2010 ne Gabon ta hana fitar da gungumen itace ɗanye zuwa waje, ta ce sai an sarrafa shi a gida, kuma yankin masana'antu na Nkok ya cika da masu yankan katako da masu yin falanki da kujeru, musamman daga itacen okume da ƙasar ta yi suna da shi. Wannan ne ya sa manyan motocin gungume suka yi yawa a hanya, don haka direba ya ba su girmansu, kada ya yi gigin wuce su a kwana. Darasin Nkok ga ɗan kasuwa a fili yake: doka ɗaya tana iya kashe wata sana'a ta raya wata, kuma mai hankali shi ne wanda ya karanta inda gwamnati ta dosa tun da wuri.

Ntoum, kimanin kilomita 40 daga Libreville, gari ne na manoma da ke ciyar da birni da ganye da kayan lambu, kuma wuri ne mai kyau na karin kumallo da ƙara iskar taya. Gaba kaɗan akwai mahaɗar Kougouleu, inda hanya ta yi arewa zuwa Medouneu ta ratsa tsaunukan gandun dajin Monts de Cristal. A can ne madatsun ruwan Kinguele da Tchimbele suke, waɗanda ke ba Libreville wutar lantarki. Wanda ba shi da kwanakin zuwa Lope, wannan gandu ya fi kusa da shi. Daga nan sai Kango, kusan kilomita 100 daga birni, inda ake haye kogin Komo. Tsofaffin direbobi ba za su manta da 2012 ba, lokacin da jirgin dakon kaya na ruwa ya daki gadar Kango ya lalata ta, manyan motoci suka yi cirko-cirko, kayan gwari suka yi ta ruɓewa, farashi ya tashi a kasuwannin Libreville. Wanda ya tsaya ya dubi gadar nan zai gane cewa abincin babban birnin ƙasa da jarin ɗaruruwan 'yan kasuwa a kan siriri ɗaya suke rataye. A kewayen Kango kuma akwai manyan gonakin kwakwar manja da na roba, kuma inda ma'aikata suka taru, nan kasuwa take.

Tsakanin Kango da Bifoun ne ake tsallake layin Ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Tsayawar minti biyar ce, amma yaron da aka tsayar a nan aka yi masa bayani ba zai sake mantawa da darasin da malamin makaranta ya sha wahalar koya masa a kan allo ba. A nan ma ya kamata a tuna wa masu salla a hanya cewa alƙibla a Gabon ta fi karkata zuwa arewa maso gabas fiye da yadda aka saba a ƙasar Hausa, don haka fuskantar mafitar rana kawai bai wadatar ba.

Bifoun mahaɗa ce, kuma kowace mahaɗa kasuwa ce. Nan motoci ke tsayawa, nan ake cin abinci, nan ake jin labarin halin da hanya ke ciki daga bakin waɗanda suka fito. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ke da kwana ɗaya na rara, muna ba shi shawara ya karkata kudu kimanin kilomita 70 zuwa Lambarene, garin da ke kan tsibiri da gaɓoɓin kogin Ogowe. A nan ne likita Albert Schweitzer ya kafa asibitinsa a 1913, ya samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya ta 1952, ya rasu a 1965 aka binne shi a wurin. Tsohon asibitin ya zama gidan tarihi, kuma cibiyar binciken da ke garin tana cikin wuraren da aka gwada allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake yi wa yara a ƙasashen Afirka. Ga Musulmi akwai ƙarin dalili. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal, wanda Faransawa suka kora zuwa Gabon daga 1895 zuwa 1902, ya yi zaman talala a Mayumba da Lambarene, kuma ranar da aka fitar da shi ce mabiyansa ke tunawa duk 18 ga watan Safar a birnin Tuba. Ga ɗan kasuwa kuma akwai kasuwar kifi a bakin kogi, ɗanye da banda, wanda ke da masu nema a Libreville da garuruwan arewa.

Idan an koma Bifoun aka kama hanyar arewa, sai Ndjole. Wannan sashe na tsaunuka da kwanoni ya shafe shekaru yana cikin waɗanda direbobi suka fi kuka da su, kuma ba wurin gudu ba ne ko da an gyara shi. Ndjole kuwa, a ganinmu, shi ne zangon da ya fi kowane cancanta a duk hanyar, kuma shi ne muka fi wulaƙantawa. Gari ne a bakin Ogowe, daidai inda jiragen ruwa masu tasowa daga teku suke iyaka, domin daga nan zuwa sama duwatsu ne da ruwa mai gudu. Shi ya sa Faransawa suka kafa sansani a wurin tun 1883. A wani tsibiri da ke gaban garin ne suka tsare Almami Samori Ture, wanda ya shafe shekaru yana yaƙarsu a ƙasashen da yau ake kira Gini da Mali da Kwaddibuwa. Sun kama shi a watan Satumba na 1898, suka kawo shi nan, ya rasu ranar 2 ga Yuni, 1900. Tarihinsa yana da haske yana da duhu, domin shi ne ya rusa Kong, garin malamai da 'yan kasuwa, kuma rundunarsa ta kai har Bonduku, inda fataken goro Hausawa ke sauka. Amma ko mai yabonsa ko mai sukarsa, ba wanda zai musa cewa yana cikin manyan mutanen da Afirka ta Yamma ta haifa. Motocinmu nawa ke kwana a Ndjole kowane mako? Mutum nawa daga cikin waɗanda ke cikinsu suka taɓa tsayawa a bakin kogin suka dubi tsibirin, suka yi wa mamacin addu'a?

Ndjole ne kuma gari na ƙarshe da matafiyi zai dogara da shi wajen mai da makanike da masauki kafin ya shiga daji sosai. Wanda ya iso da la'asar ya kwana, kada ya ce sai ya kai. Sannu ba ta hana zuwa. Daga Alembe zuwa Lope hanya ce ta fiye da kilomita 100 da aka san ta da jar ƙasa, ƙura da rani, taɓo da damina, tana bin gefen kogi tana hawa tana gangara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne babban rani na wannan yanki, daga Yuni zuwa Satumba. Da damina sai mota mai jan ƙafa huɗu, da tayar safiya mai kyau, da igiyar ja. Akwai kuma jirgin ƙasa da ke tashi daga Owendo zuwa Franceville yana tsayawa a tashar Lope, amma wanda ya bi shi zai wuce duk waɗannan zanguna bai gan su ba. Ko jirgin ma ba ya rabuwa da tasa matsalar, domin a Disambar 2022 zaftarewar ƙasa ta yanke layin dogon a kusa da Booue, zirga-zirga ta tsaya, garuruwan gabas suka koma dogaro da wannan hanya ta jar ƙasa.

Bayan an haye Ogowe a Ayem, ƙasar takan canza kama. Dajin da ya rufe sama tun daga Kango sai ya buɗe, a ga filin ciyawa da tuddai kamar an koma ƙasar Adamawa, ga kuma kurmi yana ratsa shi. Wannan haɗuwar fili da kurmi ita ce ta sa Lope ta fita daban, domin dabbar da ba a iya gani a cikin duhun daji, a nan tana fitowa sarari da safe da yamma. Faɗin gandun ya kusa murabba'in kilomita 5,000, kuma tun 1946 aka fara kare shi. Akwai giwar kurmi da jar ɓauna da goggon biri da damisa, akwai kuma birin da ake kira mandiril, mai jan hanci da shuɗin kumatu, wanda a nan aka taɓa ƙirga garke ɗaya da ya haura 1,000. Ƙidayar da aka fitar a 2021 ta nuna Gabon tana da giwayen kurmi kimanin 95,000, fiye da kowace ƙasa a duniya. A kan duwatsun bakin kogi kuma akwai zane-zane kusan 1,800 da mutanen da suka sassaƙa, kuma masu tonon tarihi sun samu kayan aikin dutse da ke nuna ɗan Adam ya zauna a wannan kwari tun kimanin shekara 400,000. Abin da zai fi jan hankalin mai karatunmu shi ne, Lope kanta tsohuwar kasuwa ce. A ƙarni na 19 nan ne mutanen saman kogi da na ƙasan kogi ke haɗuwa su yi ciniki, Okande masu gwanintar tuƙa kwalekwale a ruwa mai gudu suna tsakiya a matsayin dillalai. Abin takaici, cikin hajar da aka yi cinikinta a lokacin har da bayi da hauren giwa.

To, ga hanya ga zanguna. Me ya rage? Ya rage a samu masu tsayawa su gina. Duk wanda ya bi hanyar nan da iyalinsa ya san wahalar neman ɗaki mai tsabta, da bayan gida da mace za ta shiga ba tare da ƙyama ba, da naman da aka tabbatar yankan Musulmi ne, da inuwar da za a yi alwala a yi salla. Waɗannan kuwa abubuwa ne da Bahaushe ya iya tun fil azal: tsire da balangu, shayi da burodi, masaukin baƙi, gyaran taya, kantin kayan masarufi. Baƙon da ya zo daga Turai yana bukatarsu, ma'aikacin gwamnati da ke tafiya Makokou ko Franceville yana bukatarsu, direbanmu da ke kwana a ƙarƙashin mota ya fi kowa bukata. Kasuwar da ba ta dogara da Bature kaɗai ba, ita ce mai ɗorewa.

Lokaci ma ya tilasta mana wannan tunani. A watan Agustan 2025 majalisar ministocin gwamnatin Shugaba Brice Oligui Nguema ta sanar da keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa, ciki har da ƙaramin ciniki na cikin unguwa, da gyaran wayar hannu, da aski da kitso a bakin titi, da haƙar zinare ba tare da izini ba. Bahaushe ɗan ƙasa wannan bai hana shi komai ba, sai ma dama da ya ba shi. Amma ɗan uwansa da ya zo daga Zinder ko Kano ko Garwa da takardar zama, dole ya sake lissafi. Masauki mai rajista ko gidan abinci mai lasisi, wanda ke biyan haraji ya kuma ɗauki 'yan gari aiki, ya fi tebur a bakin titi ƙarfin tsayawa a gaban hukuma. Mai jari ya nemi cikakken bayanin doka, ya haɗa gwiwa da ɗan ƙasa a rubuce a gaban shaidu, kada a dogara da amanar baki kawai. Kuma a bar wa masu ƙasa abin da yake nasu. Jagorancin daji da tuƙin kwalekwale da sayar da rogo da abarba da agada a bakin hanya abincin mutanen ƙauyukan ne. A saya daga hannunsu da farashin adalci. Baƙon da ya zo ya ƙara wa gari albarka ba a gajiya da shi.

Sai dai akwai gargaɗi, kuma ba za mu sassauta shi ba. Hanyar da ke kai mutum gandun daji ita ce kuma ke kawo masa jarrabawa. Za a zo maka da hauren giwa a buhu, ko ɓawon ɗankunya, ko fatar damisa, ko aku a kwali, a ce ka ɓoye a ƙarƙashin kaya ka tsallakar da shi iyaka, ribar ta ninka ta albasa sau goma. Kwaɗayi mabuɗin wahala. A da hukuncin wannan laifi bai wuce ɗaurin wata shida ba, amma dokar 2019 ta ɗaga shi har zuwa shekara 10. Gwamnati ba da wasa take ba, kuma tana da dalili. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna gandun dajin Minkebe, da ke kusa da iyakar Kamaru, ya yi asarar giwaye fiye da 25,000 tsakanin 2004 da 2014. A can ne kuma sojoji suka tarwatsa sansanin masu haƙar zinare a 2011, suka kori dubban mutane, da yawansu baƙi, wasu ba su tsira da ko takalmi ba. Duk lokacin da aka kama mutum ɗaya mai suna irin namu da haure, ba shi kaɗai ake tuhuma ba, kowace mota tamu sai an sauke kayanta a shinge. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Haka kuma naman dajin da ake ratayewa a kan sanda a bakin hanya. Wani biri ne, wani aladen daji, wani ba a san yadda ya mutu ba. Ban da hukuncin addini, akwai na lafiya. Annobar Ebola da ta ɓarke a ƙauyen Mayibout a 1996 ta faro ne daga mutanen da suka tsinci mushen biri a daji suka feɗe, kuma a shekarar ce cutar ta ɓulla a yankin Booue, wanda ke gaba da Lope kaɗan. A 2020 gwamnati ta haramta saye da sayarwa da cin ɗankunya da jemage. A ci kifi, a ci kaza ko akuyar da aka ga yankanta. Idan kuma aka tarar da giwa a kan hanya, a tsaya nesa, kada a danna ham, kada a fita ɗaukar hoto. Masu bincike a Lope sun gano cewa 'ya'yan itatuwan da giwaye ke ci sun ragu da kashi 81 cikin 100 tsakanin 1986 da 2018, abin da suka danganta da sauyin yanayi. Giwa mai yunwa tana faɗa wa gonaki, kuma ba ta da haƙuri. Cikin gandun kuwa ba a shiga sai da izini da jagora daga hukumar kula da gandun daji ta ƙasa, wato ANPN.

Muna kira ga gwamnatin Gabon da ta gane cewa gandun daji ba ya ciyar da kowa idan hanyar zuwansa ta fi ƙarfin talaka. Aikin babbar hanyar da aka ƙaddamar a 2020 daga PK24 zuwa PK105 ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka yi alkawari, kuma abin da ake bukata shi ne kwalta mai inganci tun daga Libreville har ƙofar Lope. A rage yawan shingaye, waɗanda suka rage kuma duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit. A kafa alluna a Ndjole da Lambarene da layin Ikwaita masu bayanin abin da ke wurin, a kuma bayyana kuɗin shiga gandu a fili yadda mazaunin ƙasa zai san abin da zai biya tun daga gida.

Muna kuma kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin direbobi da na 'yan kasuwa a Libreville da Oyem da Bitam da Kye-Ossi, da su zauna su fitar da jerin amintattun wuraren sauka a wannan hanya, da sunan makanike da mai abinci da masallaci mafi kusa, a raba wa kowace tasha. Kuɗin da ake tarawa na adashe da na ƙungiya, a ware wani abu a gina rijiya da bayan gida da rumfar salla a Bifoun da Ndjole da Alembe, a buɗe wa kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Makarantun Islamiyya su shirya wa ɗalibai tafiya ko da sau ɗaya a shekara, su ga tsibirin Samori, su ga giwa da idonsu, domin gani ya kori ji, kuma yaron da ya san ƙasar da ya tashi a cikinta ba a kiransa baƙo ya yi shiru.

Direban da zai tashi gobe daga bakin iyaka da lodin albasa, muna roƙonsa abu ɗaya: idan ya iso Ndjole, ya kashe inji, ya taka zuwa bakin kogi, ya tambayi mutanen gari ina ne tsibirin. Daga nan ya dubi kewayensa ya lissafa abin da matafiyi ke nema a garin bai samu ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema, Ya kuma tsare mu daga haram.